Jakar da Ba Ta Koma Gwaram Ba

Daminar bana ce ta tara tun da muka kai Malam Haladu makwancinsa a Gwaram. Da damina nake ƙirga rasuwarsa, domin ranar da aka binne shi gero ya fara fitar da kai, ruwa kuma ya tsare mu a hanyar dawowa daga maƙabarta har muka raɓe a zauren wani bawan Allah. Mutanen Gwaram da ƙauyukanta sun san shi da gyaran lantarki: janareta, fanka, rediyo, injin ban ruwa, duk abin da wuta ke bi ta cikinsa. Ni kuwa aminina ne, kuma abokin sana'a, shi a can, ni a Birnin Kudu. Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo nakan ɗauki biro in ce bana sai na rubuta wani abu a kansa, sai in mayar da biron aljihu. Abin faɗa kam akwai shi birjik. Sai dai akwai magana guda da ban gaya masa ba yana da rai, na kuma san duk yabon da zan jero masa, muddin babu ita a ciki, kwalliya ce kawai na yi wa kaina. Ni ne sanadin nakasar hannunsa na dama, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban buɗe baki na ce masa ni ne ba.

A Kano muka haɗu muna samari, a shagon wani maigida da ya koya mana aiki. Haladu ya girme ni da shekara uku, kuma bai taɓa bari na manta da haka ba ko na yini ɗaya. Ni bahago ne, don haka tun ranar farko ya ajiye sunana na yanka, Isiyaku, ya laƙaba mini Bahago, har 'ya'yana suka taso suna jin haka. Da aka yaye mu kowa ya koma garinsu ya kafa rumfa, sai muka haɗa ƙarfi muka sayi mita guda ɗaya, irin mai nuna lamba a gilashi. A lokacin yawancin masu gyara a yankinmu testa, ɗan sukuddireba mai fitilar gwada wuta, ita ce iyakar abin da suka mallaka, wasu kwan fitila da waya biyu, wasu kuwa bayan yatsa da bisimilla. Ga wanda bai san ta ba, mita ita ce idon mai gyara. Wutar lantarki ba a ganinta, ba a jin ƙaurinta sai ta riga ta yi ɓarna, mita ce ke gaya maka ko tana nan da kuma ƙarfinta. Tana da wayoyin gwaji biyu, ja da baƙa, kowace da tsinken ƙarfe a bakinta, a ƙasan fuskarta kuma akwai ramukan da ake soka gindin wayoyin. Tamu 'yar gwanjo ce, amma mai kyau, ruwan ɗorawa, mai nauyi a hannu.

Mita ɗaya, gari biyu, sai muka raba mata mako. Ranar Litinin da safe in kai ta tasha in damƙa wa Garba direba, mai jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ranar Alhamis da la'asar ya dawo mini da ita. A cikin wata jakar fata take tafiya, wadda Hajiya Kande, matar Haladu, ta yi wa shafi da tsohon bargo don kada gargadar hanya ta girgiza ta. Garba yakan ce a duk fasinjojinsa ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa ƙorafin matsi ba. Kuma jakar ba ta tafiya da mita kaɗai. Ni in jefa goro biyu ko ƙullin dabino, shi ya sako ƙuli-ƙuli ko 'yar kwalbar zuma, sannan ga takarda. Takardar nan ita ce ainihin hirarmu, kuma ba ma rubuta abin kirki sai tsiya. Na taɓa gyara lasifikar wani masallaci, labari ya kai masa, ranar Alhamis sai ga takarda: “Bahago, an ce tun da ka taɓa lasifikar nan mutanen ƙauyen Surko ke jin kiran salla, 'yan unguwa kuwa sai sun tambaya.” Ko da wayar hannu ta zo ta cika gari ba mu bar rubutun ba. In na kira shi zan ba shi wani labari sai ya ce in bari, in sa a jaka. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka.

Haladu mutum ne mai ƙa'ida har ta kai ga gundura. Ramukan mitar nan sai da ya raɗa wa kowane suna. Baƙar waya raminta ɗaya ne, ba ta canjawa, ya ce ita dattijuwa ce, ta gama yawo. Jar waya ce mai ƙafa. Tana da ramin da aka sa wa harafin V, inda ake auna ƙarfin wuta, shi ya kira shi gida. Tana kuma da wanda aka rubuta wa 10A, inda ake auna yawan wutar da na'ura ke zuƙa, shi ya kira shi daji. Dalilinsa kuwa, idan ja tana daji, cikin mitar ya zama hanya ɗoɗar, tamkar waya guda miƙaƙƙiya daga tsinke zuwa tsinke. Ka manta ka ɗora tsinkayen nan a kan wayoyin wuta biyu, to ka haɗa su da hannunka ke nan. Abin da kawai ya tsaya tsakaninka da gobara shi ne wani ɗan fis mai yashi a ciki, wanda bai fi gaɓar yatsa tsawo ba, aikinsa kuwa ya mutu a madadinka. Don haka dokarsa ta farko, wadda ya rubuta da jan biro a cikin marfin jakar, ita ce: ja ta kwana a gida. Ka gama aikinka a daji, kafin ka sha ruwa, kafin ka amsa sallama, ka zare ta ka mayar da ita raminta.

Sauran dokokin ma ina iya jero su ko daga barci aka tashe ni. Kafin ya taɓa komai sai ya ja wayoyin tsakanin yatsunsa daga gindi har baki, yana lalube ko roba ta tsage, in ya ji ko da tsagar farce ce ya ajiye su gefe. Sai ya haɗa tsinkayen biyu ya ji mitar ta yi ƙara, alamar wayoyin ba su katse ta ciki ba. Wannan shi ya kira gaisuwa. Ba ya yarda da mita in ta ce babu wuta, sai ya fara gwada ta a soket ɗin da ya tabbata akwai. Baƙa ce ke fara sauka a kan aiki, ja ta biyo, in za a tashi kuma ja ce ke fara tashi. Ba ya juya makunnin mitar tsinke na kan wuta. Yatsu kuwa ba sa ƙetare ɗan tudun robar da ke jikin mariƙin, ya ce katangar maƙwabci ce. Ni dai a lokacin gani nake duk iyayi ne. Nakan ce masa kafin ya gama gaisawa da mita ni na gyara fanka biyu na ci tuwo. Shi kuma ya ce ai shi ya sa fankokina ke yawan dawowa gaishe ni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sola ta shiga ko'ina: rufin shaguna, rijiyoyin burtsatse, gidan mai unguwa, har rumfar mai shayi, kowa ya shimfiɗa faranti yana tatsar rana. Na tabbata da ya yi murna, don shi ne mutumin da yakan ce wata rana matar ƙauye za ta niƙa hatsinta ba ta ji warin man dizal ba. Amma da ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Mita yanzu a tebur ake jibge ta a kasuwa tare da tocila da caja, kowa da tasa a aljihun baya. Wayoyinta sirara kamar taliya, in sun tsage a naɗe da salatif a ci gaba da aiki. Na ga wanda gindin wayarsa ya karye, yana cusa tsirarar waya a rami yana danne ta da tsinken ashana. Na ga mai riƙe tsinke ɗaya da haƙori, don ɗaya hannun na riƙe da wayar hannu yana kallon bidiyon yadda ake aikin. Wasu mitocin ma in ka kwance bayansu babu fis sam a hanyar daji. Kuma batiran da suke tsugunawa a gabansu, huɗu, takwas a jere, ba abin wasa ba ne. Shekaru na yi ina ganin haka, in buɗe baki zan yi magana, sai in tuna ko ni wane ne, in ja bakina in wuce.

Ga yadda abin ya faru, shekara goma sha uku da suka wuce. Ranar wata Lahadi aka kira ni Kangire in duba injin cajin batir. Na mayar da ja daji don in ga abin da yake zuƙa, ashe ya fi ƙarfin mitar, na ji ɗan tas a cikinta, fis ya tafi. Ya yi aikinsa, ba ni da abin cewa. Na dawo Birnin Kudu na zaga shagunan kayan wuta, babu irinsa, sai na gilashi irin na rediyo, mai yashin kuwa sai Kano. Washegari Litinin, jaka za ta tafi. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in rubuta masa cewa na ƙona fis, kada ya shiga daji sai an sayo. Layi ɗaya tak. Amma na san Haladu. Na san wata guda zan yi ina karanta takardun tsiya, na san har Hajiya Kande sai ta ji labari. Wallahi iyakar abin da na guda ke nan, dariyar aminina. Sai na feɗe wata waya na zaro jan ƙarfenta, na naɗe mataccen fis ɗin daga kai zuwa kai, na ninka har sau huɗu don kada ya sake tsinkewa, na mayar da shi na ɗaure bayan mitar. Na ce a raina ranar Juma'a zan shiga Kano in sayo na gaske, babu wanda zai sani. Na soka ja a daji na gwada, ta yi aiki lafiya lau. Ina cikin haka hadari ya taso, aka kuma kira magariba, na tattara mitar da wayoyinta a jikinta, ja na nan a daji, na cusa a jaka. Da safe na jefa goro biyu a kai na miƙa wa Garba, ban ko buɗe na duba ba.

A can kuma wani mai injin casar shinkafa a Sara ya kwana biyu janaretansa na wasa da wuta, mata sun jibge buhuna a ƙofarsa. Tare da Haladu ya tsaya a tasha suna jiran motar Garba, tana isowa ya ɗora Haladu a babur. Mutumin da ba ya taɓa aiki sai ya gaisa da mita, ran nan bai gaisa ba. Na sha juya wannan a raina, amsar kuma ɗaya nake samu: ana azalzalarsa, kuma daga hannuna ta fito. Ya juya makunni zuwa V kamar kullum, sai dai ramin daji ba ruwansa da inda makunni yake. Ya ɗora tsinkayen a kan wayoyin janaretan yana aiki. Waɗanda ke wurin sun ce haske ya ɗauke musu ido, aka ji ƙara kamar an harba bindiga. Da fis na gaske ne a ciki, da shi kaɗai zai tafi. Jan ƙarfen da na naɗa ya ƙi tsinkewa, sai wayoyin gwajin suka narke a hannunsa.

Asibitin garinmu aka kawo shi. Na tarar da shi hannu a naɗe har gwiwa, gemunsa a babbake ta gefe ɗaya, 'yan'uwa sun cika ɗakin, ga mai injin a tsugune yana ta salati. Yayansa, wani dattijo mai zafin rai, ya dube ni ya ce, “Malam Isiyaku, ba daga wurinka abin nan ya zo ba?”

Na sunkuyar da kai. Haladu ne ya amsa daga kan gado, muryarsa can ƙasa: “Yaya, ku ƙyale Bahago. Ni na mayar da ja daji da hannuna tun a tasha, na manta. Laifina ne.”

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana, nan ne kuma na yi shiru. Mai gyara sunansa ne jarinsa. Da an ji a ɗakin nan cewa ni na naɗe fis da waya na aika wa abokina, da ko fitilar kwano ba mai sake kawo mini. Na tsaya na bar mara lafiya ya ɗauki kayana ya ɗora a kansa. Daga baya har na lallashi kaina cewa wataƙila zafin ciwo ne ya rikita shi, ya yarda da gaske shi ya yi. Maganar fis kuwa, mitar ta ƙone, na ce a raina an share ta an zubar, wa zai tsaya kwance gawayi?

Bayan wata biyu, ranar wata Alhamis da la'asar, sai ga Garba da jaka. Babu mita a ciki, sai ƙullin dabino da takarda, rubutun a karkace kamar na ɗan aji ɗaya: “Bahago, na shigo ƙungiyarku. Sayo mana sabuwa ka aiko Litinin.” Na karanta na yi dariya, na shiga bayan kanta na yi kuka. Na je Kano na sayo sabuwar, mai kyau, da wayoyi masu kauri. Litinin ta yi na sa ta a jaka, na jefa goro, na ɗauko takarda. A nan na maƙale. Jakar nan ba ta tafiya ba takarda, takardar kuma ko dai tsiya ce ko gaskiya. Ta yaya zan yi wa mutumin da na nakasa tsiya? Gaskiyar kuma ta ƙi fitowa daga bakin biro. Na ce wa Garba sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa na ce aiki ya yi mini yawa. Da aka jima shi ma ya daina tambaya, na zare mitar na ci gaba da aiki da ita ni kaɗai, jakar kuma na rataye ta a ƙusa bayan ƙofar shago.

Shekara huɗu ta yi a nan yana da rai. Ba gaba muka yi ba, da gaba ce ma da an sami mai shiga tsakani. Mukan haɗu a suna ko ɗaurin aure ko ta'aziyya, ya hango ni ya ɗaga murya, “Bahago!” ya miƙo hannu. Ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun ƙanƙance sun lanƙwashe cikin tafi, fatar wurin ta yi santsi. Duk musabahar da muka yi sai na ji su sun tokare ni, in kwana uku ina jin su a tafina. Sai na fara zuwa taro a makare ina tashi da wuri. Ya koyi aiki da hagu, amma ƙananan ayyukan da aka san shi da su sun bar shi, a ƙarshe ya koma sayar da kwan fitila da soket, in an kawo gyara mai wuya ya tura gaba. Sau ɗaya ya taɓa yi mini zancen jakar, a wurin wani biki, muna cin shinkafa a faranti ɗaya. Ya ce, “Jakar nan fa ta yi ƙiba a wurinka.” Na yi dariyar yaƙe na ce Litinin mai zuwa in Allah ya yarda. Ya ce Allah ya kai mu, ya ci gaba da cin abincinsa.

Ba hannun ne ya yi ajalinsa ba, zazzaɓi ne na kwana uku. Garba ne ya zo mini da hantsi, lokacin da ba na zuwansa ba, ya ce in rufe shago in shiga mota, mu ake jira. A kujerar gaba ya zaunar da ni, inda jakar ke zama, har muka isa Gwaram.

Tun daga nan ban rasa mutane ba. Ina da iyali, ina da jikoki, shagona ba ya rabuwa da masu shige da fice. Amma kaɗaici nake ji, kuma ba zan yi masa wani suna ba. Ba mai kirana Bahago yanzu, kowa Malam, kowa Baba. In na gama wani gyara mai wuya, irin wanda sai ɗan sana'a zai san daɗinsa, sai in ɗago kai in rasa wanda zan yi wa burga. In na yi wauta kuma, babu mai yi mini dariya, sai a ce sannu Baba, ai tsufa ne. Garba ma ya bar tuƙi, ido ya yi rauni. Motocin Gwaram na yanzu ban san direbobinsu ba, amma har yau in la'asar ɗin Alhamis ta yi aka danna ham a bakin titi sai na waiwaya.

A watan jiya Hajiya Kande ta aiko a ce in zo, za ta tashi ta koma wurin babban ɗansu, tana kwashe ɗakin marigayi ta ga ajiyata. Ban san ina da ajiya a gidan ba. Na same ta a kan tabarma a tsakar gida, kaya a ɗaure ko'ina. Bayan mun gaisa ta turo mini wani tsohon gwangwanin madara. Na buɗe. A ciki akwai takarda a ninke, a cikin takardar ga mataccen fis ɗin nan, ya yi baƙi ƙirin, da jan ƙarfena a naɗe ninki huɗu yadda na bar shi. A gefe kuma ga sababbin fis guda biyu masu yashi, ko ledarsu ba a fasa ba. A jikin takardar, da karkataccen rubutun nan, an rubuta: “Naɗin Bahago. Ko a duhu na laluba na san shi, daga hagu yake farawa.”

Da ƙyar na ce, “Hajiya, ashe ya sani?”

Ta ce, “Tun ranar da aka sallamo shi. Ni na riƙe masa ƙonanniyar mitar ya kwance ta da hagu.”

“Bai ce komai ba?”

“Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, wawan nan tsoron dariyata ya ji. Ya aika Kano aka sayo waɗannan biyun. Ya ce ran da jaka ta zo zai sako maka su ukun a ciki, ka buɗe ka gani, ya yi maka tsiyar wata guda, shi ke nan magana ta mutu.”

Na ce, “To me ya hana shi gaya mini? Ga waya, ga mu muna haɗuwa.”

Ta ce, “Kai ma ka san mutuminka. Cewa ya yi maganar jaka ce. Duk Litinin sai ya sa hula ya ce zai je tasha sayen goro, alhali ga goro a gida.”

Na gurfana a gaban matar nan na faɗi abin da na riƙe shekara goma sha uku, tun daga Kangire har tasha, na roƙi gafararta. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Hannun kam ya yafe tun a gadon asibiti, ni ma na yafe. Litinin ɗin nan ne dai, Malam Isiyaku. Ni ce nake ganin yadda yake dawowa. Su kam ban san yadda zan yi da su ba.”

Ni ma ban sani ba. Tun da na dawo nake auna abin, kuma ga inda awon ya tsaya mini. Jan ƙarfen da na naɗa yatsu biyu ya ci masa, ya kuma ɗauke su bai yi ƙorafi ba, har ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri. Shirun da na yi ne ya ci masa aboki, shekara huɗu, a lokacin da sana'a ke zame masa yana buƙatar wanda zai tsokana. Ina tsammanin hukunci nake gudu, ashe dariyar wata guda ce kawai ke jirana a Gwaram.

Me ya rage na Malam Haladu? Rumfarsa ta zama shagon cajin waya, waɗanda ke cikinta ba su san sunansa ba. Fankokin da ya gyara da yawansu sun tafi wurin 'yan gwangwan. Dokokinsa ne suka rage, su ma a bakin mutumin da ya karya su. Don haka na daina jan bakina. Duk wanda na gani da mita yanzu sai na tsayar da shi, in karɓa in ja wayoyin tsakanin yatsuna, in duba ramin da ja take, in tambaye shi abin da ke cikin gurbin fis. In ya yi mini kallon tsoho mai iyayi, sai in zaro baƙin fis ɗin nan in ɗora masa a tafi, in gaya masa hannun wane ne ya naɗa shi da hannun wane ne ya biya. Kai mai karatu, in sana'armu ɗaya, ka mayar da ja gida kafin ka ajiye mitarka, kada ka naɗe fis da waya ko da rana ɗaya ce, in kuma ka riga ka yi, ka faɗa wa wanda zai ɗauke ta bayanka tun kafin ya ɗauka.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa fiye da yadda ya yafe mini. Jiya na sauko da jakar daga ƙusa na kakkaɓe ta, jan rubutunsa na nan a cikin marfi bai goge ba. Na sa sababbin fis ɗin biyu a ciki da hannuna, tunda nasa bai samu ya sa ba. Na jefa goro biyu. Na ɗauki takarda na rubuta layin nan guda ɗaya: “Haladu, na ƙona fis, kada ka shiga daji.” Bai ɗauke ni ko minti ɗaya ba. Na ninke na sa, na mayar da jakar ƙusarta, ga ta can bayan ƙofa a shirye, gobe kuma Litinin ce.